Surukin Inna Falmata

Tun ranar da na dawo daga Damagaram kun hana ni sakat. Wannan ta ce yaya kasuwa, waccan ta ce ina kilishinta, Maryam kuwa har gida ta biyo ni wai ta ga na rame. To zan faɗa sau ɗaya, wadda ba ta nan ta ji a bakin wadda ke nan. Kasuwa dai ban ci ba. Jakunkunan fatar nan da kuka taya ni ɗinki har yatsunku suka yi kanta, biyu kawai na sayar, sauran kuma ban dawo da ko ɗaya ba. Amma ba su ne suka ramar da ni ba.

Inna Falmata yayar mahaifiyata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Aure ya kawo mahaifiyata Kano, ita Inna ta zauna can tana saƙar tabarmar kaba, irin mai zanen ja da baƙi da ake shimfiɗa wa babban baƙo. Ita ta kira ni ta ce wani proje, irin ƙungiyoyin tallafin nan, zai yi baje kolin masu sana'ar hannu a Gidimuni, garinsu na asali, in zo da kayana mu tafi tare. Na san abin da ke ƙasan maganar. Yanar ido ta rufe mata na hagu, ta soma cin na dama, likita kuma ya ce idan ba a kankare da wuri ba sai dai haƙuri. Sau uku ina cewa zan ɗauki nauyin aikin, sau uku tana ce mini hannunta bai mutu ba. Tabarmi goma sha biyu gare ta, aikin shekara biyu, su ne na ƙarshe da ta saƙa tana bambance ja da baƙi. Da su za ta biya aikin idon.

Na bar Kano da sassafe, ƙarshen damina, gero ya yi kai a gonaki. Kafin Kazaure taya ta fashe, muka sauka muna kallon direba yana zagin tayar kamar ita ta sayi kanta. A iyaka, bayan mun wuce Daura, wani ma'aikacin duwan, kwastan ɗinsu ke nan, ya buɗe buhuna ya ɗauki jaka ɗaya ya shinshina, ya zubo mini Faransanci. Ni kuma da ba a raina ni, na mayar masa da Turanci. Muka yi ta yi, ba mai jin wani, har ya gaji ya ce, "Hajiya, don Allah fatar akuya ce ko ta tunkiya?" Na ce to da ka faɗa tun ɗazu. Ashe kakarsa 'yar Fagge ce. Ya ɗaure mini buhun da kansa.

Zinder, wato Damagaram ɗin, gari ne da duwatsu suka zauna a cikinsa kamar su ma 'yan unguwa ne. Acaɓa a can kabu-kabu ne, ofis buro, asibiti kuma gidan likita, burodinsu dogo ne da za ka iya koran akuya da shi. Ɗan kabu-kabu ya kai ni Kara-Kara, inda Inna take. Na yi sallama ta fito, ta tsaya tana kallon gefena, sai da na yi magana ta juyo daidai inda nake. Ban san abin ya kai haka ba. Ta yi mini burabusko da miyar kuka, ta zauna tana sauraron cin da nake yi, in na sassauta ta ce, "Ci, ɗiyata, ku Kanawa sai surutu, ba ci." Bayan la'asar ta kwance mini tabarmin ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe ina sana'ar hannu, ban taɓa ganin saƙa mai tsafta irin wannan ba, ko tsinke ɗaya bai leƙo ba.

Washegari muka je buron da ake rajista. Abin da muke ce wa inshora, su asurans suke cewa, kuma proje ya sharɗanta duk mai baje kaya sai ya yi, su za su biya, mu namu dangwala yatsa kawai. Matar da ke cika takardun Madam Hannatu ce, Kirista, haifaffiyar Zinder, da ɗan gicciye a wuyanta, Hausa a bakinta kuwa ta fi tawa. Ta ɗauki hoton kowa da kayansa, sannan ta ce takardar layi huɗu ce, kowane layi da masifarsa, wanda ka dangwala shi za a biya ka idan ya faru.

Ni ta fara karanta wa. Gobara, sata, hatsarin mota, ambaliyar ruwa. Na ce kawo duka, ai kayan banza ba a barin sa, na dangwala huɗu ina dariya. Sai ta juya ga Inna.

"Inna, gobara."

"Allah ya tsare. Kawo."

"Sata."

"Ɓarawo ai bai san tsohuwa ba. Kawo."

"Hatsarin mota."

Ta dangwala. Madam Hannatu ta ce, "Saura ɗaya. Ambaliyar ruwa. Kin san filin a bakin tafki yake."

Inna ta janye hannunta ta sa cikin mayafi. Ta sunkuyar da kai kamar amarya, ta ce a hankali, "Tsallake wannan, 'yar nan."

"Inna, ba ko dala za ki biya ba. Rigakafi ne kawai."

"Na ji. Tsallake."

Madam Hannatu ta dube ni, wai ko zan sa baki. Ni kuwa zafi ya dame ni, ga layin mutane a bayanmu, na ɗauka irin camfin tsofaffi ne na kada a kira mugun abu da suna. Na ce, "Rabu da ita, Madam, damina ta ƙare, wane ruwa kuma?" Da bakina na faɗa, kuma har yau ina jin muryata tana faɗa.

Washegari motar proje ta kwashe mu da hantsi. A Mirya aka ɗora mata masu tukwane, kowace ta rungume tulunta kamar jariri, duk ramin da aka faɗa sai ka ji salati. A Hamdara jandarma suka duba kardante, wato katin ɗan ƙasa, muka sayi gyaɗa ɗanya. Inna na ta hira da masu tukwanen tana tauna goro, har muka hau wani tudu, dabinai suka bayyana, ruwa ya haska a ƙasansu. Wata ta ce, "Ga tafkin Gidimuni can." Ban san yadda Inna ta gane ba tun kafin a faɗa, don kafin matar ta rufe baki ta riga ta tofar da goron a hannunta, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa tagar baya har muka sauka.

Gidan Baba Brah muka sauka, ƙanin marigayi mijin Inna, tsohon masunci mai lambu a bakin ruwa. Matarsa ta kawo tuwon gero da soyayyen kifi. Ni na ci har na manta ni baƙuwa ce, Inna kuwa ta ture kifin gefe, ta ɗauki tuwon ta shige can ƙuryar ɗaki. Da la'asar na bi Baba Brah lambu yana ban ruwa, na tambaye shi ko lafiya Inna take.

Ya ajiye gugan ya dube ni. "Uwarki ba ta gaya miki zancen Yagana ba?"

Na ce na san dai Inna ta haifi 'ya ɗaya, ta rasu tun ina goye.

"Rasu ku kuka ce. Budurwa ce, an sa ranar aurenta. Da hantsi ta sauko nan ta jiƙa wa uwarta kaba, don kaba ba ta saƙuwa sai ta yi laushi. Aka tarar da takalmanta a jere, ga ƙwaryarta, ga kabar a jiƙe. Kwana bakwai muna nema, ni da kaina na yi nutso har jini ya zubo mini ta hanci. Ko ɗankwali ba mu gani ba. Sai tsofaffin mata suka ce mata ta yi haƙuri, mai ruwa ne ya riga ango, ya ɗauke amaryarsa. Su don su sanyaya mata rai suka faɗa. Ita ta riƙe."

Ya nuna tafkin da haɓa, shi ma bai nuna da yatsa ba.

"Tun daga ranar, tafkin nan surukinta ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta ci a gabansa, ba ta kallonsa. Liman ya yi mata wa'azi har ya gaji, ta tattara ta koma Zinder. Shekara talatin da wani abu ke nan, sai yau ta tako garin nan."

Na ce a'uzubillahi, na waiga na dubi ruwan. Ba iska, ba igiyar ruwa, shiru kamar an rufe shi da faifai, tsuntsu ɗaya ma ban gani a kansa ba. Rana tana nan da sauranta, amma na matsa nesa da bakin ruwan.

Na kira Madam Hannatu a waya na ce a gyara takardar. Ta ce tana garin, da safe za ta zo da ita, amma sai da yatsan mai kaya. Na koma na durƙusa gaban Inna na lallashe ta, na ce dangwale ɗaya ne, ba sai ta furta komai ba.

Ta ce, "Ke Hadiza, ke da kika yi lakwal kika iya karatu. Takardar nan ba cewa ta yi idan wane ya cuce ni a biya ni ba? Ina zan kai surukina ƙara tun bai taɓa mini komai ba? A ce uwar matarsa ta zo garinsu da takardar tuhuma a hannu?"

Na ce to me ya kawo ki bayan shekarun nan duka?

Ta ce, "Ido na ƙarewa. Ko ba a shiga gidan suruki, a zo a tsaya ƙofa."

Filin baje kolin wani shimfiɗaɗɗen yashi ne a bakin busasshen kwari da ke gangarowa tafki, an kafa rumfuna an ja tutoci. 'Yan garin sun ce shekara da shekaru ruwa bai bi ta kwarin ba, har ƙwallo ake bugawa a ciki. Kowa ya kama wurin da ya ga dama. Ni na so can sama kusa da ƙofa, inda masu kuɗi ke fara tsayawa, amma Inna ta ja ni har rumfar ƙarshe ta ƙasa, ta zauna ta ba tafkin baya. Madam Hannatu ta zo da takardar da tawada, ta tsuguna ta roƙe ta, Inna ta yi mata addu'a mai kyau ta sallame ta.

Kasuwa ta buɗe da kyau. Kafin azahar wata Hajiya mai shagon kayan ado a Yamai ta tsaya kan tabarmin, ta shafa, ta juya bayansu, ta ce duka goma sha biyun take so, farashin da Inna ta faɗa ko tayi ba ta yi ba. Ta ce a naɗe mata, za ta yi salla ta turo mota. Na riƙe hannun Inna na ce idonki ya warke ke nan. Har na fara jin kunyar tsoron da na kwana da shi.

Mazan suka tafi masallaci, fili ya rage sai mu mata. Rana tsaka, sama fes, sai can arewa nesa wani baƙin hadari ɗan ƙarami da ba wanda ya kula da shi. Abin da na fara lura da shi tururuwa ne, sun fito layi-layi ɗauke da ƙwansu suna hawa sandar rumfa. Sai wata iska mai sanyi ta bi ta ƙafafunmu, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali ko ɗigo bai sauka ba. Jakunan da aka ɗaure a gindin dabino suka soma tsinke igiya. Na ji wani gurnani daga sama cikin kwarin, na ɗauka motar Hajiyar ce.

Inna ta ce, ba tare da ta juya ba, "Gyara mayafinki, Hadiza. Ga shi nan tafe."

Ruwa ne, jajawur, ɗauke da karare da kumfa, a rana tsaka. Ashe can arewa aka tafka shi, ya biyo tsohuwar hanyarsa. Kafin in miƙe ya kai idon sawu, kafin in ɗago Inna ya kai gwiwa. Tukwanen matan Mirya suna karo da juna suna fashewa, mata na ihu, rumfuna na kwanciya. Hannu biyu gare ni, na zaɓi Inna, na ja ta muka hau tudun yashi. Da na waiwaya rumfarmu babu ita.

Ba a yi rabin awa ba ruwan ya janye, ba wanda ya rasa rai, alhamdu lillahi. Amma abin da na gani daga kan tudun shi ne ba ya barin idona. Igiyar da na ɗaure tabarmin da ita ta kwance, suka warware ɗaya bayan ɗaya a kan tafkin, kowace ta shimfiɗu sarai, zanenta a sama. Ba su cure ba, ba su nutse ba, suka jeru gefe da gefe suna tafiya tsakiya a hankali, kamar akwai mai jera su. Jan rinin ya soma fita yana bin bayansu. Na san za ku ce igiyar ruwa ce, ni ma haka nake gaya wa kaina.

Baba Brah ya taho a guje da babban goransa na su, wanda suke kwanciya a kai su yi iyo. Ya ce kaba ba ta saurin nutsewa, idan ya shiga yanzu zai fito da fiye da rabi, a shanya su a sayar ko da an rage kuɗi. Na ce Baba yi sauri, don girman Allah. Har ya tuɓe riga ya sa ƙafa a ruwa.

"Brah," in ji Inna. "Sun kai tsakiya?"

"Sun kusa, Yaya."

"A shimfiɗe suke ko a naɗe?"

"A shimfiɗe."

"To fito. Ina ka taɓa ganin an kai kayan ɗaki an dawo da su? Shekara talatin ɗiyata na zaune kan ƙasa, ko tabarma ɗaya ban kai mata ba. Ya gaji da jira ya aiko an ɗauka."

Sai ta sa hannu a hanci ta rangaɗa guɗa, doguwa, irin ta ranar jere. Duk filin ya yi tsit, matan da ke kukan tukwanensu ma suka yi shiru. Ni ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, ba tsoron ruwan ba, tsoron farin cikin da ke fuskarta. Na yi wa Baba Brah ihu ya shiga, ya tsaya ruwa iya ƙwaurinsa yana hawaye, ya ce, "Mai kaya ta hana, ɗiyata." Muna tsaye har suka jiƙe suka nutse, ta tsakiyar ita ce ta ƙarshe.

Madam Hannatu ta bi mu ɗaya ɗaya tana rubuta asara. Jakunkunana an tsinto wasu cikin laka sun kumbura, ta ce ni za a biya ni duka, tunda na dangwala. Na ja ta gefe na ce ta rubuta tabarmin a cikin kayana, wa zai sani? Ta ce hoton Inna da tabarminta ya riga ya tafi, kuma ko bai tafi ba, ba za ta sa hannu kan ƙarya ba. Tana faɗa idonta na kawo ruwa. Na yi fushi da ita a ranar, yanzu na daina.

Mun koma Kara-Kara washegari. Na kwana biyu ina shirya maganar da zan yi, ranar da zan taho, da safe muna shan koko, na ce, "Inna, kuɗin da za a biya ni sun isa aikin idonki har da saura. Ba kyauta ba ce, rabonki ne ya biyo ta hannuna."

Ta ce, "Kuɗin wace takarda?"

Na ɗauki kofina na kurɓi koko.

"Na layin nan na huɗu ko? Kuɗin ƙarar surukina. Ki ci abinki, ɗiyata, ke ba ruwanki da shi. Ni ba za su taɓa jikina ba."

Na ce to zan sayar da keken ɗinkina, wannan ai ba na takarda ba ne. Ta ce hannunta bai mutu ba, za ta saƙa wasu. Na ce da wane idon? Kun san ni da zuciya. Abin da na danne tun Gidimuni ya taso mini, na ajiye kofin na ce, "Inna, Yagana ta mutu. Ruwa ya ci ta, ta mutu shekara talatin. Babu suruki, babu ɗaki, tafki ne kawai da kifi da laka. Za ki makance saboda tatsuniyar tsofaffi."

Na faɗa na kuma yi nadama kafin in rufe baki. Na jira ta yi kuka ko ta kore ni. Sai ta gyara zama, ta juyo da idon nan mai sauran gani, ta neme ni da shi har ta same ni.

"Kin ɗauka ban sani ba?" in ji ta. "Ni na haife ta, Hadiza. Amma ke kin wanke uwarki da hannunki, kin ga an ɗauke ta, kin san inda take kwance. Ni takalma aka ba ni. Uwar da aka ba takalma, ko ta haukace ko ta yi suruki. Na duba, na ga da suruki zan iya tashi da safe in yi salla in kama saƙa. Kada ki karɓe mini shi yanzu da tsufana, ba ni da abin da zan sa a wurinsa."

Ɗan kabu-kabun da zai kai ni tasha ya yi ta matsa oda a waje. Ta ce sai ta raka ni ƙofa, ta miƙe, ta yi taku biyu ta tsaya tana laluben bango a gidan da ta shekara talatin a ciki. Na ba ta kafaɗata ta dafa, muka fita tare.